Rufin Ɗakin Inna

Barking, London,
ranar Laraba da hantsi.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Kano lafiya. Allah Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka fara aiki. Ummanka za ta cusa takardar a ƙasan akwatinka, tsakanin rigunan sanyin da na gaya mata ba za ka taɓa sa su a can ba, ta ce ita dai sai ka tafi da su.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san halinka. In na yi maka magana da Hausa ka amsa da Turanci, in na rubuta maka da Turanci ka karanta a tsaye, ka ce "Yes, Baba," ka ninke ka sa a aljihu. Da Hausa kuwa dole ka nemi wuri ka zauna, ka bi ta da yatsa a hankali, kuma abin da nake so ke nan.

A ƙarƙashin takardar za ka ga fallaye uku na rufin kwalta a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ba tsaraba ba ce. Maganar ɗakin kakarka ce, Inna. Damina uku ke nan ba ta kwana a cikinsa. Tana kwana a ɗakin ajiyar hatsi da ke kusa da madafa, wanda yake zuba, kuma a daminar bara ta ɗauki tarin da har yau bai sake ta ba. Ni na jawo wannan, da hannuna da kuma kyakkyawar niyyata. Ina so kafin ruwan farko na bana ya sauka ta koma ɗakinta. Aikin injiniya da ka samu a can naka ne, wannan kuwa nawa ne nake ɗora maka, don haka bari in gaya maka yadda na ɓata shi.

Abin ya faro ne daga rumfar maƙwabcinmu Mista Wilkins, wadda yake rainon tumatir a ciki a bayan gida. Kana shekarar farko a kwaleji lokacin, hankalinka yana kan ƙwallo da gashin nan da ka tara kamar kwando, ba za ka tuna ba. Wata Lahadi da la'asar ya kira ni shan shayi a ciki, sai aka fara ruwa. Ina ganin ruwan yana gangarowa a jikin gilashi, tumatir ɗin suna tsaye kore shar, tururin shayi yana tashi, amma ban ji komai a samanmu ba sai wani motsi mai laushi, kamar mutum yana tafiya a kan tabarma ba takalmi. Na tambaye shi da me ya rufa rumfar. Ya ce fallayen kwalta ne, su shingil suke ce musu, ana jera su ɗaya kan ɗaya ana bugawa da ƙusa a kan katako.

Ina zaune a wurin, jikina yana Barking, hankalina ya tafi gida. Na ga ɗakin Inna da rufin kwanon da kakanka Malam, wanda ka ci sunansa, ya sa mata shekarar da gyaɗa ta yi kyau, shi ne kwano na farko a lungunmu. Na tuna yadda in ruwa ya sauka a kansa sai kowa ya yi shiru, don ko ka yi magana ba mai jin ka. Sai na ga Inna a raina, ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, tana zaune a ƙarƙashin wannan ƙara. Na ce wallahi sai na saya mata shirun nan na rumfar Mista Wilkins.

Wannan shi ne rabin gaskiya. Ɗaya rabin ba shi da daɗin faɗi. Lokacin ne arzikin mai ya buɗe a gida, duk wasiƙar da ta zo daga baffanka Garba sai ta zo da labarin wane ya ɗora bene, wane ya rushe zaure ya gina gareji. Ni kuma ga ni a Ingila, ana jin muryata a rediyo safe da yamma har ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba, uwata tana ƙarƙashin kwano mai tsatsa. Kunya ta kama ni, kuma ba kunyar Inna ba ce, kunyar mutanen lungu ce. In za ka yi wa wani alheri, Abba, ka tsaya ka tambayi kanka wa kake so ya gani. In amsar ba shi mai karɓar ba ne, ka dakata tukuna.

Na je wani shagon kayan gini a bakin kogi. Mai shagon, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, ya shimfiɗa min iri uku a kan tebur, su ne waɗanda ke cikin jaridar nan. Ka warware su ka duba yayin da kake karantawa.

Na farko shi ne siririn, mai harshe uku a gefen ƙasa. Cikinsa takarda ce mai kauri da aka jiƙa da kwalta, aka barbaɗa mata 'yan tsakuwa a sama. Ba shi da nauyi, ba shi da wuyar bugawa, kuma a ƙasa mai sanyi irin wannan yana daɗewa. Amma yana shan ruwa a hankali, rana kuma tana naɗe masa baki, iska mai ƙarfi tana ɗaga harsunan ɗaya bayan ɗaya. Na biyu a ido kamar na farko yake, sai ka lanƙwasa shi za ka ji bambanci. Zaren gilashi ne a cikinsa maimakon takarda, sabon shigowa ne lokacin. Ba ya shan ruwa, wuta ba ta saurin kama shi, zafi bai cika damunsa ba. Dattijon ya ce aibinsa ɗaya, yana iya tsagewa in ƙanƙara ta yi tsanani, wanda a Kano ba abin da zai hana kowa barci ba ne. Na uku shi ne mai ninki biyu, mai nauyi a hannu. In an jera shi yana yin inuwa-inuwa mai kyau a ido, kuma iskar nan da take riga ruwan farko zuwa, mai kwashe tabarmi da kwanukan wanke-wanke, ba za ta ɗaga shi da sauƙi ba. Sai dai yana son katako mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, in ba haka ba rufin ya lotsa.

Kowane iri kuma akwai baƙi, akwai kore, akwai mai ruwan toka da ya kusa fari.

Dattijon ya tambaye ni ina za a kai su. Na ce Kano, a Najeriya. Ya cire fensirin daga kunne ya ce, "Akwai zafi a can?"

Na ce, "Ɗan kaɗan."

Ɗan kaɗan, Abba. Ni da na tashi a garin da in bazara ta kama kaza take buɗe baki ta nemi gindin randa. Ban so ne ya ɗauka daga wani daji na fito. Ya ce in da zafi in ɗauki na biyu ko na uku, mai ruwan toka, don baƙi yana tara rana. Na ɗauki na farko, baƙi wuluk, saboda shi ne a kan rumfar Mista Wilkins, kuma saboda baƙin ya yi min kama da rufin manyan gidajen da nake wucewa a Marylebone in zan tafi aiki. Wanda ya san aikinsa in ya yi maka tambaya, ka ba shi amsar gaskiya ko da ba ta ƙara maka kwarjini. Likita ne ko makaniki ko mai sayar da rufi, duk ɗaya ne.

Kayan suka yi watanni a tashar jirgin ruwa ta Legas, cikin jerin jiragen da ke jiran sauke siminti, har wasu fallayen suka manne da juna. Da suka isa Kano, Garba ya kira Malam Ado kafinta, wanda tun yana saurayi shi ya taya Malam buga wancan kwanon. Malam Ado ya jujjuya falle ɗaya, ya shinshina, ya hau tsani ya duba ɗakin, sannan ya ba Garba saƙo, Garba ya rubuto min shi kalma-kalma: "Ka gaya wa Yaya wannan abu yana son gangare kamar na jinkar bukka. Rufin Inna kuwa kusan a kwance yake. In ruwa ya zo da iska, ta ƙarƙashi zai koma. Kuma a bar wa zafi hanyar fita a sama, in ba haka ba ɗakin zai zama tanda."

Ka san abin da na yi? Na kwafi zanen da ke jikin takardar kamfani, na ja layuka da rula, na aika masa, na rubuta a ƙasa cewa haka Turawa suke yi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kallon inda ruwan Kano yake bi, ni da ban taɓa buga ƙusa ta shiga daidai ba na aika masa darasi ta gidan waya. Malam Ado ya cire kwanon, ya buga abin da aka ce ya buga. Garba kuma ya kwashe tsohon kwanon ya rufa ɗakin hatsi da shi, don kada ya lalace a banza.

In ka huta kwana biyu, ka je gidan Malam Ado da kanka, kada ka aika a kira shi. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce ni na aiko ka neman afuwa. Takardar shaidarka ka bar ta a akwati. Ka bari ya fara magana, kuma in ya yi shiru kada ka yi saurin cike shirun, yana tunani ne. Abin da aka koya maka a nan gaskiya ne, amma a kan ruwan nan aka gwada shi, wanda yake sauka a tsaye kamar mai jin kunya. Na can a karkace yake zuwa.

Garba ya aiko min da hoton ɗakin bayan an gama. Na sa shi a kan talabijin, duk baƙon da ya zo sai na nuna masa. Kai ma ka gani, ka ce, "Very smart, Baba." Duk wasiƙar da ta zo kuma sai a ce Inna tana godiya, tana sa albarka, ɗaki lafiya lau. Na yarda, don ina so in yarda.

A damina ta biyu wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo min kaset daga gida. Ka san Inna ba ta rubutu, sai dai Garba ya ajiye mata rakoda a gaba ta yi magana. Na tafi da shi wurin aiki, da aka tashi cin abincin rana na shiga ƙaramin ɗakin da muke yanka faifai, na rufe ƙofa, na sa abin ji a kunne. Muryarta ta fito, ta ƙara siranta. Ta gaishe da Ummanka, ta gaishe da kai, ta ce a gaya wa mijinta ta ji labarin gashin, in bai aske ba ta fasa auren. Ni ba ta ambaci sunana ba, ba ta taɓa ambata ba tun da ta haife ni, ɗan fari ne ni. "Na Ingila" take ce min. Ta ce, "A gaya wa na Ingila ina nan zaune a ɗakin da ya gyara min, sanyi ƙalau, Allah Ya yi albarka."

Tana rufe baki sai na ji ɗigo ɗaya a sama, tas. Sai na biyu. Sai ruwa ya kece.

Abba, shekara goma sha biyar ina cin abinci da kunnena. Ina iya gane ɗakin da aka ɗauki murya daga yadda bango yake mayar da ita. Abin da na ji a kaset ɗin nan kwano ne. Kwalta ba ta wannan kuka. Kwano ne kuma a ƙasa-ƙasa, kusa da kan mai magana, ba dogon ɗakin Inna ba. Can cikin ƙarar kuma akwai wani sauti dabam, ɗigon ruwa yana faɗawa cikin bokiti, a hankali, ba ya tsayawa.

Garba ya manta bai kashe rakodar ba. Inna ta yi shiru tana saurare. Can na ji ta yi 'yar dariya, ta ce da muryar da ba da kowa take ba, "Ga shi nan ya zo." Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa, ba komai a ciki sai ruwa. Na rufe ido, na ga tsakar gidanmu ta cika, indararo yana zuba, Malam yana tsaye a bakin ƙofa ya naɗe ƙafar wando, ƙanshin ƙasa ya shigo har cikin wannan ɗan ɗaki na Marylebone. Ban san na yi kuka ba sai da wani abokin aikina ya ƙwanƙwasa ya ce lokacin labarai ya yi.

Na nemi a haɗa ni da Garba ta waya, aka yi kwana uku kafin layi ya samu. Na ce masa, "Garba, a ina Inna take kwana?"

Ya ce, "Yaya, tun tsakiyar daminar farko ta tashi. Da rana ɗakin ba ya shiguwa, ga warin kwalta, ga bangon gabas yana jiƙewa. Amma ba wannan ya tashe ta ba, ka san Inna da haƙuri. Cewa ta yi ɗakin ya kurumce."

Na ce, "Ya kurumce kamar yaya?"

Ya ce, "Ba ta gani, Yaya. Da kunne take sanin an yi ruwa. Ta ce a sabon ɗakin sai dai ta ji mutane sun shigo a jiƙe suna ba ta labari, kamar baƙuwa a garin. Ta sa aka kai mata gadonta ƙarƙashin kwanon Malam. Ta ce kuma duk wanda ya gaya wa na Ingila ba ta yafe ba."

To ka ji. Na ɗauki abin da ya rage mata na damina, na cire shi da sunan gata, ban tambaye ta ba ko sau ɗaya. Da na tambaya ma ba za ta faɗa min ba, tsakanina da ita akwai kunyar da ta girme ka ta girme ni. Amma da na tambayi Garba, ko matarsa, ko na je na zauna a ɗakin yini ɗaya, da na sani. In babba a gida ya ce maka lafiya lau, ka karɓa da ladabi, sannan ka duba inda yake shimfiɗa tabarmarsa.

Kuskure na ƙarshe shi ya fi min ciwo, kuma ba shi da dogon labari. Na sani, na yi shiru. Na ce in na aika a gyara, za ta gane an gaya min, za ta ji kunya, ta yi fushi da Garba. Na ce bari in je da kaina in na samu hutu. Hutun ya zo, na ce bari a ga na gaba. Gaskiyar ita ce ban iya tunanin tsayawa a gaban Malam Ado ina kallon ana ɓamɓare baƙin rufin nan mutanen lungu suna kallo ba. Hoton dai na sauke daga kan talabijin, na sa a aljihun tebur, kamar hakan zai hana ɗakin hatsi zuba. Damina ta uku ta zo ta same ta a can, ta bar mata tari. Ummanka ce ta ce min ranar nan muna karyawa, "Malam, in ba za ka iya zuwa ba, ga Abba zai tafi. Ka daina yin postponing, tsohuwar nan shekarunta ba jiranka suke yi ba." In ka ɓata abu, ka gyara shi a makon da ka gane. Kunyar ba ta raguwa da jira, ni na gwada.

Kai kana da abin da ni ba ni da shi. Kai mijinta ne, sunan Malam ke kanka, tsakanin kaka da jika kuma ba a ɓoye-ɓoye. Za ta tsokane ka, ta ce wannan wane irin miji ne da ba ya jin Hausa, ta shafa kanka ta nemi gashin. Ka bar ta ta yi, ka rama da 'yar Hausarka mai karyayyen ƙafa, za ta ji daɗi. In hira ta yi nisa, ka sa mata fallayen nan uku a hannu ɗaya bayan ɗaya, ta shafa, ta auna nauyinsu. Ka gaya mata abin da kowanne yake yi da rana da ruwa, yadda na gaya maka. In ta ga dama da mai ninki biyu ko mai zaren gilashi, to mai ruwan toka za a sa, Malam Ado ya ɗaga gangaren yadda ya so tun farko, ya bar wa zafi ƙofa, a kuma kafa mata 'yar rumfar kwano a saman tagar da gadonta yake, don ruwa ya riƙa yi mata sallama. In kuwa ta ture su duka ta ce kwanonta take so, kada ka yi mata lacca. A sa sabon kwano a inda tsohon ya huje, a mayar da na Malam duk wanda yake da sauran rai, a yi silin a ƙasa saboda zafi. Baƙin nawa a sauke shi da rana tsaka, kowa ya gani. In an tambaye ka ka ce babanka ne ya yi kuskure.

Kada ka ce mata na sani. Ka ce kai ne ka ga ɗakin bai yi maka ba, miji kuma yana da ikon gyara ɗakin matarsa.

Ƙaramar rakodata tana cikin akwatinka, a naɗe cikin ɗaya daga rigunan sanyin, da kaset sabo a ciki. Ashe dai rigunan sun yi amfani, kada ka gaya wa Ummanka na faɗa. Ranar da hadarin farko ya haɗu, ka je ka zauna kusa da Inna, ka danna, ka ajiye a gefen gadonta. Kada ka sa ta yi min jawabi, kada kai ma ka ce komai. Ka bar shi ya juya har ya ƙare, ka ba duk wanda zai taho nan kaset ɗin ya kawo min. Ba sai ka rubuto min bayani ba. In na ji kwano daga sama can nesa da kanta, ban ji ɗigon bokiti ba, na san ta koma ɗakinta.

Allah Ya kiyaye hanyarka, Ya tsare ka daga sharrin da kake gani da wanda ba ka gani. Allah Ya sa ka riƙe salla a kan lokacinta, Ya ba ka haƙuri da mutane, Ya ba mutane haƙuri da Hausarka. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya jiƙan Malam, Ya kawo ruwan bana cikin sauƙi bayan an buga ƙusa ta ƙarshe. Ka gaishe min da Garba da iyalinsa da Malam Ado. Inna kuwa ka ce mata na Ingila yana gaisuwa, yana nan yana saurare.

Wassalam.

Babanka.